Ranar da Lawwali Ya Cika Fili

Ni dai tun farko ban ga abin so ga wagga sana'a ta Lawwali ba. Ƙanena ne ciki ɗaya, ni na goya shi, saboda haka ina da bakin magana. An kai yaro kwaleji Sakkwato don ya fito malamin makaranta ko akawu, sai ga shi ya dawo hutu yana gaya mini wai shi mai talla ne na 'yan wasan kwaikwayo. Na ce, talla irin ta goro da gyaɗa? Ya yi dariya ya ce, "A'a, Yaya Safiya. Su suna wasa, ni kuma aikina in sa mutane su zo kallo." Na ce to madalla, ashe karatun shela anka tura ka.

Shekara ta biyu ke nan ruwa ya ƙi mu. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Gulbi ya koma rairayi, sai an yi tono kamu da kamu kafin a ga danshi. Ni da ke sai da fura a tashar Isa na kife ƙoraina, don ba a dama fura da iska. 'Ya'yan anza na daji muke jiƙawa har ɗacinsu ya fita, mu haɗa da tafasa da ɗan garin kwaki in an samu. Mijina Bawa ya bi motar 'yan cin rani zuwa kudu tun farin farko, kuma har ranar da nake ba ku wanga labari ban ji ko tarinsa ba. Babanmu ya rasu, san noma na ƙarshe da ya bari shi anka sayar Lawwali ya shiga aji na biyu. Babu sauran abin sayarwa a gidan. Ko dai yaron ya samu aikin da zai riƙe shi ya gama karatu, ko ya hau motar da Bawa ya hau. Wannan shi ke hana ni sukuni.

Shugaban ƙungiyarsu wani ne da ake kira Wakili, mutum mai tumbi da zaƙin baki. Wani kamfani mai sai da batir na rediyo ya ce zai ɗauki nauyin ƙungiyar ta zagaya ƙasar Gobir tana wasa kyauta, ana tallar kayansa, amma sai ya ga gwaji tukuna. In fili ya cika, an ƙulla. In an ƙulla kuwa, Wakili ya yi alkawari Lawwali zai zama mai tallarsu na dindindin, da albashi, yana yi yana karatu. Shi Lawwali da bakinsa ya ce a yi gwajin a Isa, wai garinsu ne, ya san mutanensa.

"Ka san su da suna cin tuwo," na ce mishi. "Yanzu wa zai bar tonon gidan tururuwa ya zo kallon wasa?"

"Wanda ya daɗe bai yi dariya ba," ya ce. "Ke dai ki sa ido, Yaya."

Anka ba shi wata tsohuwar a-kori-kura da direba da lasifika, anka sa ranar wasa bayan sallar la'asar a filin firamare. Gaskiya ɗaya ce, ko ina so ko ba ni so, yaron ya iya. Bai tsaya yawo cikin lungu yana ɓata mai ba. Inda mutane ke taruwa dole can yake zuwa: bakin rijiya da hantsi, mahauta, tasha, ƙofar masallaci in an sauko Juma'a. Ya ci kasuwar Sabon Birni, ya shiga Kamarawa, ya je Turba, har Alkalawa ya leƙa. Ba ya ihu irin na masu maganin basir. Sai ya gaishe da gari da sunan unguwanninsu, ya tsokani mahauta, ya tsokani Gobirawa da zanensu alhali shi ma da nasa a kunci, sai an fara murmushi sannan ya faɗi rana da wuri. Ranar da na ji muryarsa ta taso daga bakin kasuwa ina tsaye da tulu, sai da na ajiye tulun. Na ji daɗi har cikin raina, ban dai gaya mishi ba don kada kansa ya kumbura.

Ana saura 'yan kwanaki na shiga gidan maƙwabciyata Bilki aron wuta, na tarar da ita ta baje wani tsohon buhu a cinya tana ɗinke ramukansa da zaren tsiya. A igiya kuma ga wani an wanke an shanya, a shekarar da ko fuska sai an yi shawara ake wankewa.

Na ce, "Bilki, me anka samu haka ba a gaya mana ba?"

Ta dube ni ta taɓe baki. "Ke za a gaya wa? Ƙanenki ke shela, ke ko kin fi kowa sanin mudu nawa za a ba mutum."

"Mudun me?"

"Haba Safiya. In ba ki son faɗi, bari."

Nan na gane. Mu a ƙasarmu ba mu taɓa ganin wasan kwaikwayo don wasa kawai ba. Duk ranar da mota ta zo da lasifika anka tara mu a filin firamare, to 'yan wayar da kai ne na gwamnati. Za su yi wasa a kan taki, in an gama a raba taki. Za su yi wasa a kan sabon iri, a raba iri. Bara da yunwa ta fara, sun yi wasa a kan tsabtar rijiya, anka raba dawa tiya-tiya. Wasa shi ne abin da kake haƙuri ka zauna ka kalla kafin a ba ka abin da ya kawo ka. Yaro da babba kowa ya san haka. Ni ma na sani, shi ma Lawwali a nan ya girma, amma zaman Sakkwato ya shafe mishi, ni kuma daɗin muryar ƙanena ya rufe mini ido.

Na same shi a zaure yana rubuta allon talla da shuni. Na gaya mishi. Ya daɗe riƙe da burushin har shunin ya ɗiga a ƙafarsa.

"Ni ban ce za a raba komai ba," ya ce.

"Ba ka ce ba. Amma ba ka ce ba za a raba ba."

"In na koma na faɗi haka, ba mai zuwa."

"Na sani."

"In ba wanda ya zo, Yaya, kin san abin da ya rage mini."

Na ce na sani. Wallahi da ya ce zai yi shiru, da ban tsine mishi ba, don ni ma rabin zuciyata shirun take so. Ya ɗauki hularsa ya fita neman direba. Da maraice ya dawo ya ce, "Gobe za ni sake zagayawa. Gwaggo Hajo na Turba, ba ni bari ta tako wagga hanya a banza." Gwaggo Hajo yayar babanmu ce, tsohuwa, ƙafafunta sun fara kumburi tun rani.

Ya sake bin duk inda ya bi. Wannan karon ba tsokana, ba wasa. Yana cewa, jama'a ku ji da kyau, wasa ne kawai, ba hatsi, ba gari, ba a raba komai, wanda ke nesa kada ya wahalar da kansa. Na ɗauka shi ke nan, yaron ya yanka wuyan aikinsa da hannunsa. Ashe abin ya fi haka muni.

Ya dawo daga Kamarawa fuskarsa kamar wanda anka yi wa mutuwa. Wai da ya gama magana wani dattijo ya matso jikin mota, ya kama hannunsa, ya rage murya ya ce, "Mun gane, ɗan nan. Allah shi yi maka albarka, da wuri za mu zo." Don kuwa haka ma'aikata ke yi mana. In kayan agaji kaɗan ne, sai su bazo magana cewa ba komai, don jama'a su ragu su raba wa nasu. Duk wanda ya taɓa yarda da "ba komai" ya zauna gida, ya ga maƙwabcinsa ya dawo da tiya a ka. To yanzu ga ɗan gida da kansa yana rantsuwa ba komai. Sai kowa ya ce lalle akwai, kuma kaɗan ne, wanda ya makara ya rasa. Ni kaina na bi gida-gida a unguwarmu ina faɗi. Bilki ta ce, "To, mun ji. Ke za ki?" Na ce dole in je, ƙanena ne. Ta ce, "Ato."

Lawwali ya gaya wa Wakili ranar da sunka iso da babbar mota da kayan wasa. Wakili ya kaɗa hannu ya ce, "Ka faɗi gaskiya ko ba ka faɗa ba? Ka faɗa. To abin da mutum ya saƙa a ransa ba ruwanmu. In sun ga Na'Allah za su manta da cikinsu." Na'Allah shi ne babban ɗan wasansu, mai ban dariya.

Ranar wasa tun hantsi hanyoyi sunka fara zubo mutane. Daga Turba, daga Kamarawa, daga ƙauyukan gefen Sabon Birni, har da mutanen hayin iyaka da yunwa ta koro. Ba ka ganin buhu a hannun kowa, don talaka bai rasa kunya ba. Maza sun naɗe nasu sun ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga, mata sun shimfiɗa sun zauna a kai kamar tabarma. Inuwar darbejiyar makaranta ta cika tun kafin azahar, sauran sunka zauna cikin rana, ba hayaniya, ba mai sai da ko ruwa. Tun da nake ban taɓa ganin taro irin wannan a Isa ba, ko ranar idi.

Can na hango Gwaggo Hajo ta jingina da bangon aji, sandarta a gefe, ƙafafun nan kamar turame. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ba a kai miki saƙon Lawwali ba?"

"An kai," ta ce. "Yaro na mai hankali. Ai ba shi faɗi gaban mutane."

Mutumin kamfani ya iso cikin farar mota, da tabarau. Ya hau kan benci ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan, ya sauko ya dafa kafaɗar Lawwali yana gyaɗa kai. Wakili sai washe baki yake. Shi ko Lawwali yana tsaye riƙe da wayar lasifika, bai dubi kowa ba.

Anka fara. Labarin wani marowaci ne da ke sayen batir mai araha, rediyonsa ya mutu daidai lokacin da ake sanarwar ɗaurin auren ɗiyar ubangidansa, ya je washegari da babbar riga ya tarar ana wanke tukwane. Ba za ni yi ƙarya ba, Na'Allah gwani ne, kuma an yi dariya. Na ga tsofaffi suna rufe baki da gefen mayafi. Amma dariya ce gajeruwa, da an yi sai ido ya koma kan babbar motar da ke bayan dandamali, wadda anka rufe bayanta da tamfol. Duk inda 'yan wasa sunka dakata, jama'a su tafa da ladabi, yadda anka saba tafa wa manyan baƙi don su gama da wuri.

Wasa ya ƙare, 'yan wasa sunka jeru sunka rusuna. Ba wanda ya motsa. Wakili ya yi godiya, ya yi addu'ar Allah ya ba mu damina mai albarka, anka shafa. Ba wanda ya motsa. Sai mutumin kamfani, shi da bai san dawan garin ba, ya yi wa yaransa hannu. Sunka yaye tamfol sunka sauko da kwalaye.

Allah Sarki. Cikin ƙiftawar ido filin nan ya tashi ya zama layi, maza gefe, mata gefe, tsofaffi gaba, ba wanda ya ce a yi. Buhuna sunka fito daga ƙarƙashin riguna. Na ga Lawwali ya yunƙura zai tare masu kwalayen, amma sun riga sun yage na farko. Hulunan takarda ne a ciki, ja da rawaya, da hoton batir a goshi.

Dattijon da ke kan gaba ya buɗe bakin buhunsa da hannu biyu. Yaron kamfani ya rasa yadda zai yi, sai ya jefa mishi hula ɗaya a ciki. Dattijon ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, bai gusa ba, yana jiran sauran. Na baya suna ɗaga wuya suna tambaya me ake bayarwa. Maganar ta bi layi a hankali har ƙarshe.

Wakili ya tura Lawwali gaba ya ce, "Mutanenka ne, sallame su."

Ya hau dandamali. Muryar nan da na ajiye tulu don ita, ranar da ƙyar ta fita. Ya ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Na gaya muku ba komai. Wallahi ba komai. Ku koma gida tun rana ba ta faɗi ba."

Gwaggo Hajo tana kusa, an sa ta gaba saboda tsufa. Ta ɗaga kai ta ce, ba da ƙarfi ba, amma lasifikar ta kama, "Lawwali, in na gobe na, mu kwana nan. Ba ni iya zuwa in dawo."

Ya tsuguna a bakin dandamali ya rufe fuska da hularsa. Ni na je na kama Gwaggo na kai ta gidanmu, muna tafe muna hutawa.

Ba a yi jifa ba, ba a yi zagi ba, ni ko da an yi zagin ya fi mini sauƙi. Mutane sunka naɗe buhunansu sunka kama hanya da ƙafa, cikin da sunka zo da shi ba komai, ga tafiyar da sunka ƙara mishi. Yara kaɗai sunka sa hulunan. Washegari anka ce wani tsoho na wajen Alkalawa bai kai gida ba, an tsince shi gindin wata aduwa. Ban gani ba, ji na yi, amma duk Isa ta ji.

Hakimi ya aika a kira Wakili. Abin da anka yi can ban sani ba, na dai san abin da ya fito. Mutumin kamfani ya ce bai taɓa ganin taro haka a ƙauye ba, ya yarda, za a yi zagayen. Hakimi ya ce su yi wasansu in sun ga dama bayan kaka, amma yaron da ya tara mutane kada a sake jin muryarsa a lasifika a ƙasarsa, kuma zai aika wa sauran hakimai. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba wanda ya san sunan kamfanin nan ko na Wakili, amma kowa ya san Lawwali ɗan gidan wane ne.

Ina tsaye a zaurenmu lokacin da Wakili ya zo sallama, motarsu na ruri a waje. Ya ce, "Talla kam ka iya, ban taɓa ganin irinka ba. Kai ka samo mana wanga aiki."

"To in ɗauko jakata?" in ji Lawwali.

Wakili ya sosa ƙeya. "Ƙasar Gobir za mu zagaya. Wane gari za ni shiga da kai? Ko ba hakimi, da an ji muryarka za a ce ga mai ƙaryar hatsi. Sai mun nemi baƙon murya."

Na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Yaron nan ya gaya maka, ka ce ba ruwanku. Har sake zagayawa ya yi yana faɗin gaskiya."

"Na sani, Hajiya," ya ce, ni da ko Gusau ban taɓa zuwa ba. "Ba laifinsa ba ne. Sai dai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Na ce, "Ruwa? Ina ruwan yake?"

Ya ce in Allah ya sa abin ya lafa nan da wasu shekaru, Lawwali ya neme shi. Ya fita.

Hutu ya ƙare, abokan karatunsa na Sabon Birni sunka biyo su tafi tare, ya ce su yi gaba. Kwana da kwanaki bai fita ba sai masallaci, can ma in ya yi sallama sai a amsa ana duban wani wuri. Gwaggo Hajo na kwance ɗakina, kullum sai ta ce a gaya wa yaron ita ba ta riƙe shi da komai ba, shi kuma bai iya shiga ya gaishe ta. Hadari ya taso sau ɗaya daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe shi ya wuce.

Ranar kasuwa da safe ya ce mini, "Yaya, za ni kudu." Ban ce kada ya tafi ba, don ba ni da abin da za ni ba shi in ya zauna. Na ƙulla mishi ɗan garin kwakin da ya rage na raka shi tasha.

Motar 'yan cin rani ta kusa cika, kuma rabin waɗanda ke ciki sun zauna a filin nan. Ya yi sallama ya kama ƙarfe zai hau. Sunka dube shi, ba wanda ya matsa. Ya daɗe a rataye yana neman inda zai sa ƙafa. Daga ƙarshe ya zauna a kan murfin baya, ƙafafunsa na lilo a waje. Ni da ban yi kuka ba ranar da mijina ya tafi, ranar na yi, a gaban 'yan kamasho da kowa. Mota ta tashi, na bi ta ina kiran sunansa. Ya gan ni, amma bai ɗaga mini hannu ba, don da hannu biyu yake riƙe da ƙarfen.